Neman shawara: a ina ake amfani da "descend" a Turanci?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina aji shida a sakandare, ina shirin WAEC. Malaminmu na Turanci ya sa mu yi rubutu kan wata tafiya, sai na rubuta "I descended from the bus at the motor park". Ya ja wa descended layi da jan biro, ya rubuta got off a samansa, bai ce komai ba. Na duba ƙamus, na ga descend sauka ne. To in sauka ne, me ya hana in sauka daga mota da shi? Don Allah masu sani ku warware mini, jarrabawa ta matso.

Malamin sakandare:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gyaran malaminka daidai ne, da ma ya haɗa maka da bayani. Mu "sauka" ɗaya ta ishe mu: a sauka daga mota, baƙo ya sauka a gidanka, yaro ya yi saukar Alƙur'ani, mai ciki ta sauka lafiya. Bature kowanne da kalmarsa daban.

Descend tana son tsayi na gaske, inda abu zai ɗauki lokaci yana gangarowa: mai saukowa daga bene, wanda ya hau Dutsen Dala yana dawowa ƙasa, mai shiga rijiya. Taku ɗaya daga ƙofar bas zuwa ƙasa bai kai a kira shi haka ba. Bas, jirgin ƙasa, babur da keke, get off ake cewa. Ƙaramar mota ko tasi kuwa, get out of. A tsofaffin littattafan Ingila za ka tarar da wani ya descended daga keken doki, amma yau wannan salon ya tsufa.

Asalin kalmar Latin ne, de da scandere, ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci. Ita de ɗin tana nufin ƙasa, don haka kada ka ƙara mata down, maimaici ne. "She descended the stairs" ya wadatar. Kuma kalmar rubutu ce, a hira go down ko come down suke cewa. Kishiyarta ascend.

Hajiya daga Kaduna:
Malam ya gama magana. Abin da zan ƙara, a jirgin sama na fi jin ta. Muna dab da Jidda matuƙi ya ce "we are beginning our descent", sai ka ji kunnuwanka suna toshewa, fitilun gari suna ta matsowa. Wannan yin ƙasa a hankali shi ne descent. Lokacin da taya ta taɓa ƙasa kuma land ne. Ƙanena, ka kula kada ka haɗa descent da decent, wato mai kamun kai ko abin da ba laifi. A descent da descend gaɓa ta biyu ake dannawa, kuma harafin c ba ya fita. A decent gaɓar farko ce. Irin wannan yana fitowa a ɓangaren furuci na jarrabawarku.

Ɗalibin tarihi:
Akwai ma'anar da ba ruwanta da bene, ita ce ta tsatso. "The Sultan of Sokoto is descended from Shehu Usman Danfodiyo", wato Sarkin Musulmi zuriyar Shehu ne. Lura da is ɗin, haka aka fi faɗa. Jika ko tattaɓa kunne shi ne descendant. Sai descend on, wato a yi wa wuri ko mutum dirar mikiya, kamar yadda farin dango ke yi wa gona. Descend into chaos kuma taro ne ya rikice. A lissafi ma kana da descending order: 9, 7, 4, 1.

Wani ɗan uwa:
Ni fa ina ganin ana wahalar da yaron nan. A Legas da Abuja kowa "I will drop here" yake cewa, direba kuma ya tsaya.

Malamin sakandare:
Direba zai tsaya kam, ni ma haka nake faɗa a cikin mota. Amma mai duba takardar jarrabawa ba zai karɓa ba, shi kuma yaron nan maki yake nema. A daidaitaccen Turanci direba ne yake drop ɗinka, "drop me off here", kai kuma ka yi get off.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, Malam, Hajiya, na gode ƙwarai. Saura ɗaya: in farashin masara ya sauka fa, ko shugaba ya sauka daga mulki, descend ne?

Malamin sakandare:
A'a. Farashi fall yake yi, ko drop, ko come down: "The price of maize has fallen". Shugaba kuma step down ko resign. Ka rubuta jimla biyu-biyu da kowace, ka turo nan in duba maka kafin Litinin.