Ta Ce Ƙofa Ce

'Yar Argungu:
Maƙwabciyata ta shigo ɗibar ruwa,
Mayafi ya rufe rabin fuskarta.
Na ce, "Yaya, me ya sami idonki?"
Ta ce ƙofa ce ta buge ta.
Ƙofar nan tun damina take duka,
Jama'a, ya zan yi in taimake ta?

Baban Yara, Jega:
Harshe da haƙori kan saɓa, ɗiyata,
Ki ba ta haƙuri, ki lallashe ta.
In ta yi yaji a je biko,
Manya su zauna su mayar da ita.

Malamar Islamiyya, Birnin Kebbi:
Baba, gafara dai, saɓani daban,
Mai kumbura ido sunansa cuta.
Tun kafin mari akwai alamu:
Ya ƙwace waya, ya kulle ta,
Biki da gaisuwar mutuwa ya hana,
Ya raba ta da 'yan uwanta.
Kuɗin ƙuli-ƙulinta ya karɓe,
Ya zage ta gaban 'ya'yanta.
Da dare ya zo da tsire da rantsuwa,
"Ke kika ja," shi ne lallashinta.

Almajirin Gwandu:
Nisa'i, aya ta 19, ku duba,
Zama da kyautatawa haƙƙinta.
Baƙara, 231, ta yi hani
A riƙe mace don a cuce ta.
A Malikiyya in cuta ta tabbata,
Alƙali na da ikon ya raba ta
Da mijin, ba sai ta yi hul'i ba,
Sadaki ya zauna hannunta.

Ma'aikaciyar jinya, Yauri:
Ƙanwata, kar ki tunkari mijin,
Fushinsa zai sauka a kanta.
Ki same ta ita kaɗai, ki ce, "Na yarda,"
Ban da "me kika yi?" a tambayarta.
Ku je asibiti a rubuta raunin,
Takardar likita ce shaidarta.
Dokar hana cin zarafi (VAPP) ta 2015 ta sa
Dukan matar aure laifi ne, ki sanar da ita.
Ranar fita ta fi haɗari,
Ku shirya a ɓoye, ki ajiye kayanta.

Wadda ta fita, Zuru:
Baba, ni ce wadda ake mayarwa,
Kowane biko da sabuwar cuta.
Ran da yayana ya ga bayana,
Ya ce, "Ɗakin Inna ɗakinki ne, Auta."
Shi ya tsaya mini gaban alƙali,
Yau ɗiyata na zuwa makaranta.