Mashin yana tashi ko da makulli a kashe

Salamu alaikum, masu gyaran wayarin, ku taimaka mini. Mashin ɗina ƙirar CG 125 ne, CDI ɗinsa (ɗan akwatin da ke tura wa fulogi wuta) mai fil biyar wanda ke shan wuta kai tsaye daga kwayil ɗin inji. Tun da na canza CDI, ko na zare makulli inji ba ya mutuwa sai na sa giya na saki kuloci. Abin da ya fi damuna: a kashe ɗin ma, kik ɗaya ya tashi. Duk wanda ya zo zai iya hawa ya tafi, fitilar birki da sigina kuma babu wuta.

Na sa sabon suwicin makulli mai waya huɗu, babu canji. Na gwada da mita (na'urar awon wuta, mai ƙara idan waya biyu sun haɗu): idan makulli yana kashe, wayar baƙi-da-fari (ta kashe inji) tana haɗuwa da koriya (wayar at, wadda ta kama firam), har zuwa bakin soket ɗin CDI, ƙarar mitar ba ta yankewa ko na girgiza wayoyin. Na kankare tsatsar inda koriyar ta kama firam, na matse bakin soket. Tsohon CDI ya ƙone, balle in mayar in gani.

Shin jerin fil ɗin sabon ne ya bambanta da na soket ɗina, kuma yaya zan gane fil ɗin kashe inji da mita ba tare da na ƙona shi ba? Na gode.