Tambaya: yadda ake cire kalmar sirrin BIOS a tsofaffin kwamfutoci

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Makarantarmu ta sayi kwamfutocin tebur na hannu samfurin Dell OptiPlex 780 domin ɗakin koyon kwamfuta, tare da laftof ɗaya ThinkPad T60. Dukkansu suna tashi har su shiga Windows, amma idan na danna F2 a ɗaya daga cikin na teburin domin in sa ta tashi daga filash, sai ta nuna cewa saitunan BIOS, wato manhajar farko da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, a kulle suke, tana neman kalmar sirrin da wanda ya sayar mana ya ce shi ma bai san ta ba. Na cire ƙaramin batirin da ke kan madabod (babban allon da ke cikin kwamfuta) na mayar, kwanan wata ya rikice, amma kalmar sirrin tana nan. Laftof ɗin ma a kulle BIOS ɗinta yake, ban dai taɓa ta ba tukuna. Ina neman shawarar masana kafin in lalata wani abu.

Mai Gyara ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne inda aka ajiye kalmar sirrin, domin ba wuri ɗaya kowace kwamfuta take ajiye ta ba. A kwamfutocin shekarun 1990 da yawancin waɗanda ake harhaɗawa a shago, saitunan BIOS da kalmar sirri suna zaune ne a wata 'yar ma'ajiya da ake kira CMOS, wadda ba ta riƙe komai sai da wutar batirin nan mai kama da kwabo, wato CR2032 mai ƙarfin bolt 3. Idan aka zare wayar wuta, aka cire batirin, aka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci domin ragowar wutar ta fita, komai yana komawa yadda ya fito daga masana'anta. Kwamfutocin da aka ƙera domin ofisoshi kuwa an yi su ne ta yadda cire batir kaɗai ba zai wadatar ba, shi ya sa taku ba ta buɗe ba.

A irin wannan OptiPlex, ka kashe ta, ka zare wayar daga soket, ka buɗe murfin, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa madabod. Ka nemi wurin da aka rubuta PSWD da ƙananan haruffa, inda za ka ga fil biyu da wata 'yar hular roba a kansu, wadda masu gyara ke kira jamfa. Ka cire hular, ka kunna kwamfutar ta tashi ba tare da ita ba, sannan ka kashe, ka zare waya, ka mayar da hular mazauninta. Mayar da ita wajibi ne, domin idan ba ta nan ba za ka iya sa sabuwar kalmar sirri ba, alhali a ɗakin da ɗalibai ke zama kana bukatarta. Akwai wasu fil biyu a kusa da aka rubuta musu RTCRST, amma aikinsu share saituna ne, kada ka ruɗe ka ɗauke su a matsayin na farko.

Injiniya Mai Dalma ya amsa:

Na yarda da bayanin ɗan'uwa a kan ta teburin, sai dai ina roƙon Malam da kada ya gwada cire batirin madabod a ThinkPad ɗin. Waɗannan laftof, tun suna hannun IBM har bayan da Lenovo ya sayi sashen kwamfutocinsa a 2005, suna ajiye kalmar sirrin mai kula da na'ura a wani ƙaramin aisi, wato 'yar ma'ajiyar lantarki da ke manne a madabod, mai suna EEPROM, wanda ba ya mantuwa ko da babu wuta ko kaɗan. Hatsarin shi ne, a yanzu laftof ɗin tana shiga Windows kuna amfani da ita, amma da zarar an cire batirin, agogonta zai koma baya, ta tsaya tana neman a gyara kwanan wata a cikin BIOS, shi kuma BIOS ba zai buɗu ba sai da kalmar sirrin da ba ku da ita. Daga nan na'urar da ke aiki ta zama wadda ba ta wuce shafin farko. Maganin da littafin gyara na kamfanin ya bayar shi ne sauya madabod gaba ɗaya. Wasu masu gyara suna karanta aisin da na'ura ta musamman, amma aiki ne na mai hannu, kuma kuskure kaɗan yana kashe allon. Da ni ne, zan mayar wa mai shagon ita ya musanya, tun da takardar saye tana hannunku, wadda kuma ita ce shaidar da duk mai gyara na kirki zai nema kafin ya buɗe na'urar da ba shi ya kulle ba.

Akwai kuma kalmar sirrin faifan ajiya, wadda ke zaune a cikin faifan kansa. Ita wannan ko an ɗauke faifan an kai shi wata kwamfuta sai ta bi shi, kuma babu jamfar da za ta cire ta. Tsofaffin kalmomin da ake yawo da su a intanet irin su AWARD_SW na wasu BIOS ɗin kamfanin Award ne na shekarun 1990, ba su da amfani a nan.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta ta amsa:

Ƙarin da zan yi ya shafi bayan an buɗe. Tun da an cire batir, a gyara kwanan wata da lokaci, in ba haka ba shafukan intanet masu tsaro za su riƙa ƙin buɗewa saboda takardar shaidarsu ba ta dace da ranar da kwamfutar take gani ba. Idan kwanan watan yana sake rikicewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin ne ya mutu, a sa sabo. A kuma lura da saitin SATA, wato yadda kwamfuta take hulɗa da faifan ajiya, kafin a sauya komai: Windows XP ko Windows 7 da aka ɗora a wani yanayi, idan aka juya saitin tsakanin zaɓin AHCI da na ATA, takan tsaya da shuɗin shafi mai lamba 0x0000007B, mutum ya zaci faifan ne ya lalace, alhali mayar da saitin kawai ake bukata. Ɗaukar hoton kowane shafi na BIOS da waya kafin a fara aiki yana rage wannan wahala.

Malamin Lissafi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na cire hular PSWD kamar yadda aka bayyana, saitunan sun buɗu, na mayar da ita, na sa sabuwar kalmar sirri, na kuma rubuta ta a littafin ajiyar kayan makaranta da ke ofishin shugaba. Laftof ɗin kuwa ban kwance ta ba, mai shagon ya amince a kai masa ita ranar Litinin ya ba mu wata.