Wai wanda ya haura 40 ya makara da fara judo?

Kawu: Ni dai har gobe ina kan bakana, judo, wato kokawar nan ta Japan, na yara ne da matasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Teddy Riner na Faransa yana shekara 5 ya fara, ga shi ya ci zinare a gasar Olamfik ta 2012 da 2016 da 2024. Mutum ya haura 40, gwiwa na ƙara, baya na ciwo, sannan a ɗaga shi a maka da ƙasa?

Koci: Kawu, neman zinare daban, koyon judo daban. In zinare ne, na yarda ya makara. Amma ba a jefa sabon shiga. Abin da ake fara koya masa shi ne ukemi, yadda zai faɗi bai ji ciwo ba. Yana kwance rigingine a kan katifar wasa, ya manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ya doki katifar da hannu miƙe. Sai ya gwada daga tsugune, daga baya daga tsaye. Dattijon da santsi zai iya kwasa a banɗaki ai ya fi yaro bukatar wannan.

Anti: Koci, na ji, amma ciwon da yaro zai warke a mako guda, babba sai ya yi wata yana jinyarsa. Mai hawan jini ko ciwon gaɓɓai ya fara ganin likita.

Koci: Ban ja da wannan ba, Anti.

Auta: Ku dubi Keiko Fukuda, malamar judo 'yar Japan. A 1935 ta fara, kuma tana koyarwa har dab da rasuwarta a 2013 tana shekara 99.

Kawu: Auta, tana 'yar ashirin da ɗoriya ta fara. Wanda ya tsufa a cikin wasa ba ɗaya yake da wanda ya shiga da tsufansa ba.

Koci: Nan kam ka yi gaskiya, Kawu. Sai dai ka dubi tushen wasan. Da Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokiyo a 1882, ya gina judo ne a kan cin nasara ba tare da ɓarnar ƙarfi ba. Kafin jifa akwai kuzushi: ka kama kwalar rigar mutum da hannun rigarsa, ka ja shi har nauyinsa ya koma kan ƙafa ɗaya, sannan ka share ƙafar. Wannan lura yake so da haƙuri, kuma babba ya fi yaro sauraro. Wanda ba ya son yawan faɗuwa ga wasan ƙasa, inda danne abokin karawa daƙiƙa 20 ke ba da ippon, cikakkiyar nasara. Hukumar judo ta duniya ma tana da gasar manya, daga shekara 30, kowa da sa'o'insa.

Anti: Ni abin da nake tsoro abokin atisaye ne. Saurayi mai ji da ƙarfi ya samu sabon shiga, ya ce sai ya nuna kansa.

Koci: Wannan laifin mai horarwa ne. Ni da gwani nake haɗa sabon shiga, don gwani yana riƙe hannun riga har ka sauka lafiya.

Kawu: To zan zo in ga ukemin nan da idona. Amma wanda gwiwarsa ta riga ta lalace, har yanzu ban yarda ya shiga ba.