Musayar waƙa: samarin Tarbolton da zamansu na dare

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a, yau mun tafi Sukotlan, wani ƙauye ne Tarbolton a yankin Ayrshire, nan mawaƙi Robert Burns da ƙaninsa Gilbert da abokansu 5 suka kafa kulob ɗin samari marasa aure ran 11 ga Nuwamba 1780, lokacin Burns shekararsa 21 kacal yana noma a gonar babansa. Amsa-amonmu "wa" ne, bismillah.

Sun aje garma sun wanke hannu,
Sun hau bene don tattaunawa,
Burns suka ba shugabancin daren,
Zaman hankali ne ba shagalawa.

Uwar Biyu:
Yaya ka bar mai daɗin ai, muhawarar da suka fara da ita!

Saurayi manomi ba shi da sisi,
Mata biyu ne gabansa don zaɓawa,
Ga mai dukiya ba kyau ba hira,
Amma aikin gida tana iyawa,
Ga mai kyau da hali da fara'a,
Hannunta wayam ba abin kawowa.

To maza ku amsa, wa za a ɗauka?

Ɗan Birni:
Ni mai fara'a na ɗauka ƙanwata,
Gona da damina suna ciyarwa,
Gidan da ba hira ba dariya,
Ko da hatsi zuciya na ƙonewa.

Malam na Gangare:
Madalla yarana. Ni dokokinsu ne suka kama ni wallahi, ba a wuce mutum 16, ba zagi ba ashar, kowane batu a tattauna amma banda gardamar addini, kuma kar mutum ya kashe sama da peni 3 a zama ɗaya, kun ga ba a bar ƙofar buguwa ba kenan.

Talaka ne ya tsara wa kansa,
Makarantar dare ta faɗakarwa,
David Sillar ya shigo daga baya,
Ga goge ga baiti yana rerawa.

Uwar Biyu:
Baba akwai doka ta 10 kuma, dole memba ya zama mai buɗaɗɗiyar zuciya kuma yana da wadda yake so. Burns ya rasu 1796 yana da shekara 37, a 1801 abokansa 9 suka taru a gidan da aka haife shi a Alloway suka ci abinci suka karanta waƙoƙinsa, daga nan al'adar liyafar tunawa da shi ta bazu, yanzu ran 25 ga Janairu ake yi, ga abincin da ake ci a wurin.

Hanta da huhu da zuciyar tunkiya,
A tumbi ake ɗurawa a dafawa,
Haggis ke nan, sai an yi mai waƙa,
Kafin wuƙa ta zo yankawa.

Malam na Gangare:
Gidan da kulob ɗin ya riƙa zama a Tarbolton na nan har yau da rufin ciyawa, ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust for Scotland ke kula da shi, baƙi na zuwa gani. Ɗan Birni mai dukiyar nan fa ba wanda ya kare ta, wa zai yi mata baiti?