Darasin dabbobi marasa ƙashin baya: in sayo na kwalba a Kano ko mu kamo da yara?

Malam Habu, yankin Ringim: Assalamu alaikum. Ina koyar da Bayoloji a aji ɗaya na babbar sakandare a ƙauyenmu, zangon nan mun iso kan rukunonin dabbobi marasa ƙashin baya. Ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da wuta. Shugaban makaranta ya ce iyaye sun haɗa naira 25,000, in yi abin da ya dace da ita. To in hau mota in je Kano in sayo waɗanda aka jiƙa a kwalba, ko mu fita da yara yanzu da ƙasa ke da laima mu kamo namu? Fara, gizo-gizo, tana da katantanwa duk suna bayan aji. Na teku ne suka tsaya min a rai, irin tauraron teku da soson teku, yaran nan ba su taɓa ganinsu ba.

Ɗan Dutse: Wa alaikumussalam. Malam ka haɗa musu bidiyo a majigi kawai, an wuce wurin.

Malama Rabi: Ya ce ba wuta, Ɗan Dutse. Malam Habu, ni kamowa muke yi. Na taɓa ajiye fara da kaska a faranti ɗaya na ce su ƙirga ƙafafu. Fara shida, jikinta kashi uku, kai da ƙirji da ciki. Kaska babba takwas. Daga ranar ba wanda ya sake ce min kaska ƙwaro ce, sun gane dangin gizo-gizo da kunama ce. Sai ƙadandoniya da shanshani: ita ƙafa huɗu a yawancin gaɓoɓinta, shi biyu a kowace gaɓa, kuma shi yana cizo. Ka sayo jatanlande busasshe a matsayin dangin ƙaguwa, ka gama da masu gaɓaɓɓun ƙafa ke nan.

Baban Ummi: Malam Habu, ina roƙonka da girman Allah kada ka tura ɗan kowa daji. Ni abin ya faru a kaina. Na ce wa ɗalibaina kowa ya kawo tana ko katantanwa, na faɗa na nanata kada wanda ya ɗaga dutse ko ya sa hannu a rami. Wani yaro ya ɗaga bulo a bayan gidansu da magariba, kunama ta harbe shi a yatsa. Ya kwana yana kuka, gumi na karyo masa, aka kai shi asibiti a bayan babur. Da safe uban ya iso makaranta da ƴan uwansa, a gaban ɗalibaina ya ce ni na aiki ɗansa neman kunama. Shugaban da ya amince da aikin tun farko ya ce shi bai san zancen ba. Har gaban mai unguwa muka je, ni na biya kuɗin magani daga albashina. Yaron ya warke, alhamdulillahi, amma zangon bai ƙare ba aka mayar da ni wani ƙauye mai nisa. Har yau in na zo kan wannan darasin zane nake yi a allo in wuce.

Malama Rabi: Allah ya saka maka, Baban Ummi. Wannan zalunci ne.

Sani Mai Kemis: Allah ya kyauta. Amma kwalbar fa ba tsada, na ga ana sayarwa 1,500 a wajen masu kayan makaranta a Sabon Gari.

Malam Isa Kura: Yaushe rabonka da kasuwa, Sani? Ni 6,000 aka ce min kwalba ɗaya, tauraron tekun ma sun ce sai an yi oda daga Legas.

Sani Mai Kemis: To ka je da babbar riga suka ga malami. Kuma in za ku jiƙa naku, sipirit ya isa. Ku rabu da famalin, wato ruwan sinadarin da ake jiƙa matattun dabbobi a ciki don kada su ruɓe, warinsa na ƙona ido da hanci, bai dace da aji ba.

Malam Isa Kura: Mai sayar da magani ne zai koya wa malaman kimiyya aikinsu?

Sani Mai Kemis: Kai da ka karanta ilmin ƙasa aka ɗora maka Bayoloji don babu malami?

Gwanin Fara: Malam Habu in dai fara za ku kamo, ka sa ido. Kafin ka gama kiran suna an soye darasin da yaji.

Baban Ummi: Ku dai yi ta dariya. Ranar da uba ya tsaya a ƙofar ajinka ba wanda zai tsaya maka.

Hajiya Ladi, ma'aikaciyar lafiya: Ni katantanwar ce ta fi tayar min da hankali fiye da kunamar. Kada a tura yara su shiga ruwan kududdufi ko na kanal neman ta. Tsutsar da ke kawo tsargiya, wadda dangin tsila ce, masu faffaɗan jiki, a cikin ƙananan katantanwar ruwa take girma. Ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, ba sai ya sha ba. Bayan wani lokaci ka ga yaro yana fitsarin jini. A ƙauyukan noman rani na wajen Kadawa da bakin kogin Haɗeja muna ganin wannan, wasu iyayen har suna ɗauka alamar balaga ce. Malam, ka ɗauko ɓawon katantanwa busasshe da kanka, ka faɗa musu wannan a aji.

Malam Isa Kura: Gaskiya Hajiya. Da kurkunu ma haka aka yi fama, ita kuma dangin tsutsar ciki ce masu jiki kamar zare, ta ruwan sha take shiga. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an raba Najeriya da ita.

Hajiya Ladi: Da tace ruwa da rijiyoyin burtsatse aka ci wannan yaƙin. Yanzu fa? Famfon garinmu ya lalace tun bara, mata sun koma kududdufi wanki, yara na biye da su suna iyo da matsattsaku a ƙafa. A ba yaro maganin tsargiya a makaranta, jibi ya koma ruwan nan.

Ɗan Dutse: Namu ma haka, an karɓi kuɗin gyara gida-gida, mai gyaran ya cire kan famfon ya tafi da shi.

Malam Habu: Na gode ƙwarai. Amma tauraron tekun fa, akwai wanda ya san inda zan samu ko aro ne?

Gwanin Fara: Ɗan Dutse, nawa aka karɓa a gidanku? Mu 2,000 muka bayar.