"Than you" ko "than yours"? Gardamar da ta tashi a zaurenmu

Ɗaliba 'yar aji shida: Assalamu alaikum. Malamai, don Allah ku raba mana gardama. A gwajin share fagen WAEC na rubuta "My father's farm is bigger than your father", sai aka ja min jan biro aka rage min maki. Malamarmu ta ce sai dai "than your father's". Ni ban ga abin da wannan 's ɗin ya ƙara ba, tunda duk wanda ya karanta ya san gonaki biyu nake nufi.

Mai shagon waya: Ƙanwata, gaskiyarki ne. Tsanani ne kawai irin na malaman makaranta. A kasuwa kullum muna cewa "my phone is better than you", kuma ba wanda ya taɓa kasa fahimtarmu. Su kansu Turawan ina jin su a YouTube suna cewa "I have a better phone than you". To ina "yours" a nan?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. 'Yata, mayar da jumlarki Hausa ki ji. Abin da kika rubuta shi ne: gonar babana ta fi babanka girma. Abin da kike nufi kuwa: gonar babana ta fi ta babanka girma. Wannan 'yar "ta" ɗin ita ce 's ɗin da aka nemi ki saka. Idan babu ita, gona kika auna da mutum.

Tsohon hedimasta: Kuma a garinmu duk yaron da ya ce wa ɗan'uwansa "gonar babana ta fi babanka girma", ranar sai an raba faɗa. Malam ya yi daidai.

Mai shagon waya: Baba, na ji wannan. Amma ba a ba ni amsar tawa ba. Bature ya ce "than you", ba wanda ya ce ya yi kuskure. Ni na ce "than you", an ce ban iya ba.

Malamin Turanci: Ai jumlolin naku ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Shi da "I have" ya fara, wato mutum biyu yake gwadawa, shi da kai, wajen mallakar waya. Cikakkiyar jumlarsa ita ce "I have a better phone than you have", ya yar da "have" na ƙarshe. Kai kuwa da "my phone" ka fara, don haka dole abin da zai biyo bayan "than" ya zama waya. Mu ma muna da duka biyun: "na fi ka waya mai kyau", da kuma "wayata ta fi taka kyau". Duk Hausa ce lafiyayya. Wadda ba ta yiwuwa ita ce "wayata ta fi ka kyau", sai fa idan fuskar mutumin kake nufi.

Mai fassarar labarai: Bari in sa baki, domin wannan abu ina cin karo da shi kusan kullum a wajen aiki. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ɗora wa Hausa laifin wannan kuskure, wai harshen uwa ne ke jan yara. Ban yarda ba ko kaɗan. Hausa ta fi Turanci kiyaye wannan wuri. Muna da nawa da tawa, naka da taka, naki da taki, nasa da tasa, nata da tata. In ban da nawa da tawa, kalma ɗaya tana gaya maka jinsin mai abu, tana kuma gaya maka jinsin abin da aka mallaka. Turanci "mine" kawai gare shi, ko gida ne ko mota, "yours" kuma ko namiji kake yi wa magana ko mace ko taron jama'a. Sai a "his" da "hers" ne ya kula da jinsin mai abu. Yaron da ya tashi yana cewa "rigata ta fi taki tsada" ya riga ya san ƙa'idar tun kafin ya shiga firamare. Ba a dai nuna masa cewa "taki" ita ce "yours" ba.

Ɗaliba 'yar aji shida: Anti, to idan gari ne ba mutum ba fa? Na ga wasu na rubuta "that of".

Mai fassarar labarai: Nan ma "na" da "ta" ɗinmu ne. Yanayin Jos ya fi na Kano sanyi, tunda Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Da Turanci ki ce "The climate of Jos is cooler than that of Kano", ko "cooler than Kano's". Idan abubuwan suna da yawa, "those of" ne: "The markets of Kano are bigger than those of our town". Abu biyu kawai za ki kiyaye. Kada ki haɗa su ki ce "that of Kano's", mallaka biyu ke nan a wuri guda. Kada kuma ki ce "that of you", "yours" ake cewa.

Mai shagon waya: To ni na samu mafita. "My phone is better than your own." Shi ke nan, ba mai cewa na auna waya da mutum.

Malamin Turanci: Ma'ana ta fita, amma ba zan bar ɗalibina ya rubuta haka a jarabawa ba. A Turancin Ingila da Amurka "own" ƙarfafawa yake yi, kamar mu ce "naka na kanka", misali "use your own pen". Sanya shi a gurbin "yours" salon Turancin Nijeriya ne, kuma haka yake a Pidgin.

Tsohon hedimasta: A nan na ɗan saɓa da kai, Malam. Na shekara fiye da 30 a aji, na kuma lura yaron da ya ce "your own" ya fahimci abin da muke so ya fahimta, ya san wayar yake gwadawa da waya. Wanda ya ce "than you" shi ne ya ɓata. Bai kamata a yi musu hukunci iri ɗaya ba. Miliyoyin mutane daga Legas har Maiduguri suna cewa "my own" da "your own", ba kuma jahilai ba ne.

Malamin Turanci: Baba, a magana ban ƙi ba, ni ma yana fita a bakina. Amma mai makin takarda bai san yaron ba, daidaitaccen Turanci aka ce ya duba. Idan na ƙyale shi a aji, ni na cuce shi.

Tsohon hedimasta: Ka koya masa duka biyun, ka gaya masa inda kowanne yake shiga. Abin da ba na so shi ne a ce masa maganar gidansu banza ce.

Mai fassarar labarai: Akwai ma inda Turancin kansa yake barin mutum cikin duhu. Ku duba "Audu loves his farm more than his brother". Ya fi son gonarsa a kan ɗan'uwansa ne, ko kuwa ya fi ɗan'uwansa son gonar? Jumlar na ɗaukar duka biyun. Idan na zo fassara dole in zaɓi ɗaya, domin Hausa ba ta yarda a bar shi a dunƙule. Mai rubutu da Turanci sai ya ƙara "does" a ƙarshe idan ma'ana ta biyu yake nufi. Idan kuma ya ce "his brother's", to gonar ɗan'uwan ce ta shigo, magana ta uku ke nan.

Ɗaliba 'yar aji shida: Na gane yanzu. Na gyara: "My father's farm is bigger than your father's, but our house is smaller than your's."

Malamin Turanci: Rabin farko ya yi. A na biyu cire wannan waƙafin na sama. Suna ne ke ɗaukarsa, kamar "father's" da "Kano's". Su kuwa "yours", "hers", "ours" da "theirs" haka ake rubuta su ba tare da shi ba. A tsofaffin wasiƙun Ingila na shekarun 1700 ana ganin "your's" da "her's", amma an daɗe da barin wannan rubutu, yau kuskure ake lissafa shi.

Mai shagon waya: Malam, a takarda zan bi naka. A shago kuwa "your own" zan ci gaba da cewa, tunda Baba ya tsaya min.